Ƙahon Mahmuda Mai Faci

Duk wanda ya taɓa jiran mota a ƙaramar tashar nan ta bakin hanyar Kurfi, a Dutsin-Ma, ya san Mahmuda mai faci. In bai ga fuskarsa ba, to ya ji muryarsa. Allah ya ba shi hannu a sana'a, wannan ba a hana shi ba: in ya liƙe maka taya, tayar za ta tsufa a yanka ta a yi takalmi, facin yana nan daram. Sai dai bakin ya fi hannun aiki. Ba a taɓa ambatar wani abu a gabansa ya ce bai iya ba. Shi ne ya karɓi rediyon Dada mai ƙosai zai gyara mata eriya, ya dawo mata da shi a ƙulle cikin leda, yana cewa masu ƙera shi ne suka cika masa kayan da ba ya buƙata.

Shekara goma sha ɗaya yana zaune a bayan tasha, jikin katanga, inda rana ke fara dukansa tun hantsi ba ta sakinsa sai la'asar. Direbobi ba sa ganinsa sai sun zagayo. Saboda haka ranar da aka gama kafa sabuwar rumfar kwano a bakin ƙofa, shugaban tasha Alhaji Ubaidullahi ya ce mai faci ɗaya za a ba, Mahmuda ya kasa cin abinci. Yana son rumfar nan har cikin ransa, kuma ya gaji da rana, gajiya ta gaskiya wadda ba ya faɗa wa kowa. Masu faci biyu ne a tashar, shi da Talha, wani mutumin Dabawa marar magana, wanda in ya amsa maka gaisuwar safe ka gama jin hirarsa ta ranar. Alhaji ya ce zai yanke hukunci ranar Litinin, bayan ya dawo daga Kurfi, inda zai je ranar Lahadi ya ba da auren ɗiyar ƙanensa, don shi ne waliyyi.

Ranar Asabar Alhaji ya sunkuya zai gyara wa wani buhun wake zama a bayan mota, sai ƙugu ya riƙe. Tsohon ciwo ne, shekara-shekara yake zuwa masa, kuma magani ɗaya ya yarda da shi, ƙaho. Tun yana saurayi wanzami ɗaya ke yi masa, Sodangi na Kurfi. Aikin Sodangi ba hayaniya. Zai kafa 'yan ƙananan ƙahoninsa a ƙugu, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe kan da jijiya. In wurin ya tasa sai ya cire, ya yi tsaga, ya mayar ya sake zuƙa, mataccen jini ya taru baƙi ƙirin ya zubar, mutum ya tashi sakayau.

Aka kwantar da Alhaji a kan benci cikin ofishinsa, aka kira Sodangi a waya, aka buɗe murya kowa yana ji. Tsohon ya jajanta, sannan ya ce yau sha huɗu ga wata, shi kuwa ba ya kafa ƙaho sai sha bakwai, wadda ta faɗo Talata, rana mai kyau. Alhaji ya shafa man zafi ya lallaɓa ya zo ɗaurin aure, sa haɗu a can.

Mahmuda yana bakin taga, kamar yadda ya saba kasancewa a bakin kowace taga da ake magana.

"Ranka shi daɗe, wai ciwo ya san kwanan wata?" in ji shi. "Mutum na kwance yau, a ce mishi Talata. Ni wanga aiki na kalle shi a waya ya hi sau ɗari, yadda Larabawa ke yi. Iska ce kawai. To duk garin nan wa ya kai ni sanin iska?"

Dada ta leƙo daga wajen kaskonta ta ce ai rediyonta ma haka ya ce, iska ce kawai. Ya ce mata ta ji da ƙosanta, ana maganar asibiti. Ya juya ya yi wa Alhaji alkawari cewa gobe kafin ƙarfe tara zai tatso masa mataccen jini cike da kwanon sha, har da kansa zai tuƙa mota zuwa Kurfi. Sannan ya rage murya ya ce irin wannan aiki, in ya karɓu, wuri mai inuwa yake so, kamar bakin ƙofa haka. Kada a ga laifin Alhaji da ya ce to. Wanda ƙugu ya taɓa riƙe wa ya san ko kaza ce ta ce tana da magani zai saurare ta.

Da yamma Mahmuda ya tafi mayanka ya zaɓo ƙaho shida na manyan bijimai, ya yanke su da zarto, kowanne ya fi taƙi ɗaya tsawo. Ya bayyana wa masu kallo cewa na Sodangi kamar yatsa suke, shi ya sa ciwon ke dawowa duk shekara. Babban mutum irin Alhaji babban ƙaho ya kamace shi, a yi sau ɗaya a huta.

Lahadi da safe ofishin ya cika, tagogi suka cika da kawunan direbobi. Alhaji ya kwanta rub da ciki, daga shi sai wando, bayan nan mai faɗi da gashi a waje. Mahmuda ya jera sabuwar reza da kwanon sha inda kowa zai gani, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya kafa ƙaho na farko. Ya zuƙa har idanunsa suka firfito, warin ɗanyen ƙaho ya bugi maƙogwaronsa, ya daure ya toshe kan da babban yatsa. Yana sassauta hannu ƙahon ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin benci. Ya sake, wannan karon a kan agarar Alhaji ya faɗo. Daga taga wani ya tambaya ko Larabawan ma haka nasu ke yawo a ƙasa.

Gumi ya karyo masa. Ya kafa a karo na uku, ya zuƙa, ya kara kunne. Sai ya ji wani ɗan siririn sauti da ya fi sani fiye da muryar matarsa, fuskarsa ta washe nan take. Yoyo ne. Zarto ya bar bakin ƙahon a karkace, iska tana shiga ta gefe. Ai kuwa an zo gidansa. Ya jawo akwatin aiki ya fito da ƙarfen da yake kankare tif, robar cikin taya, kafin ya liƙa faci.

"Mi ke nan?" in ji Alhaji, da ya hango shi ta gefen ido.

"Ba komi, ranka shi daɗe." Ya mayar da shi akwati.

Sauran aikin kuwa bai tsallake komai ba. Ya yanko zobba daga wani tsohon tif, ya buɗe gwangwanin sholisho, gam ɗin da yake faci da shi, ya shafa a bakin ƙaho, ya shafa a robar, ya shafa a fatar Alhaji. Ya hura har ya sha iska, ya danna, ya bubbuga da ƙotar guduma a hankali, ya zuƙe, ya liƙe kan da faci. Ƙaho ya tsaya cak. Ya yi na biyu, ya yi na uku, har shida, uku a dama uku a hagu, sai da ya kankare gindin gwangwanin tas. Ya kama kowanne ya girgiza don mutane su gani. Warin sholisho ya cika ofishin, har Alhaji ya fara murmushi shi kaɗai, yana cewa ashe Mahmuda mutumin kirki ne, shi ne bai lura ba duk shekarun nan. Mahmuda ya waiga ya dubi rumfar bakin ƙofa ta taga, a ransa har ya zaɓi kusurwar da zai ajiye injin iska.

Bayan minti goma ya ce yanzu za a cire a yi tsaga. Ya kama na farko ya ja. Fatar bayan Alhaji ta biyo shi, Alhaji ma ya biyo fatar, da salatin da aka ji har gidan mai. Mahmuda ya ce alama ce mai kyau, ciwon ne ya ga za a fitar da shi ya riƙe. Ya gwada na biyu da murɗawa, gashi ya yi ƙara, Alhaji ya ambaci sunan mahaifiyarsa. Mahmuda ya ɗauko liba, ƙarfen da yake ɓamɓare taya daga wili, Garba direba ya yi tsalle ya ƙwace ta. Mahmuda ya ce to a kawo fetur kaɗan a jiƙa gefen. Dada ta ce in za a zuba wa shugaba fetur a bari ta kashe wutar kaskonta ta tafi gida tukuna, kada a ce da ita aka yi.

Ƙarfe tara da rabi ta wuce, ɗaurin aure sha ɗaya, waya daga Kurfi sai shigowa take. Garba ya ce mafita ɗaya ce, a kai shi wurin Sodangi ya cire kafin lokaci. Aka taru aka zura wa Alhaji farar babbar rigarsa ta shadda a kan ƙahoni, ya fito kamar kujerar da aka kife aka lulluɓa da zane. Zama a mota bai yiwu ba. Aka shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kurar Garba, aka ɗora shi rub da ciki, hula a kai. Mahmuda ya hau ya zauna gefensa yana danne rigar, yana ɗaga wa mutanen bakin titi hannu, yana cewa a yi haƙuri a ba da hanya, marar lafiya yana tsakiyar magani.

Sun bar gari da ɗan nisa sai tayar baya ta yi tsaki ta kwanta. Garba ya sauko da safaya, ita ma a kwance, don tun Juma'a ya ce Mahmuda ya duba ta, Mahmuda ya ce an gama. Duk da haka gogan naka ya diro da fara'a, ya ce yanzu Alhaji zai ga bambancinsa da Talha, minti biyar ya ishe shi. Ya ɓamɓare taya, ya zaro tif, ya gano hujin, ya kankare, ya buɗe gwangwani. Ya daɗe yana kallon cikinsa.

"Mi ake jira?" in ji Alhaji daga kan katifa.

"Sholisho, ranka shi daɗe," in ji Garba.

"Ina ya tahi?"

"Yana bayanka."

Mahmuda ya ce in Alhaji zai daure, zai ɗan kankaro kaɗan daga gefen ƙaho ɗaya, ba da yawa ake buƙata ba. Amsar da Alhaji ya ba shi ba ta rubutuwa. Garba ya kira Talha a waya.

Suna cikin jira wani dattijon Bafulatani ya biyo da garkensa. Iska ta ɗaga rigar Alhaji daidai lokacin, dattijon ya tsaya, ya dogara sanda, ya yi sallama. Ya ƙare wa bayan kallo a natse, sannan ya nuna biyun da ke tsakiya ya ce waɗannan ya san su, na farin bijiminsa ne da ya sayar makon jiya, ga ma tabon da ya samu wajen faɗa. Ya ce dabba ce mai haƙuri, ya ji daɗi da ya ga ta samu babban gida. Ya yi wa Alhaji fatan sauƙi ya bi shanunsa.

Talha ya iso a babur, ya yi sallama, ya durƙusa ya liƙe tayar, ya liƙe safayar ma, ya ba su iska da famfon hannu. Bai dubi bayan Alhaji ba, bai dubi Mahmuda ba. Da suka tashi ya biyo su a baya, ko da wani abu zai sake faruwa. Mahmuda ya ce wa Garba facin nan ba zai kai Kurfi ba, amma ya kai.

Sun isa sha ɗaya da rabi. Ƙofar gida ta cika, liman ya gaji da duba agogo, dangin ango sun fara ƙananan maganganu. Ba a ba Garba damar ya ce a nemo Sodangi ba, aka ce waliyyi ya iso, a ɗaura kawai. Mutum huɗu suka sauko da Alhaji, suka kai shi gaban liman, ya durƙusa kamar mai zaman tahiya, bayan rigar nan a tsaye da tsinaye shida. Na bayansa suka ja baya kaɗan. Wani ya raɗa cewa layu ne, wani ya ce a'a, irin sabon ɗinkin birni ne. Mahmuda ya zauna kusa yana gaya wa na gefensa cewa shi ne likitan da ke tafe da shugaba.

Alhaji ya ba da aure da haƙora a cije, sai da liman ya ce ya maimaita don shaidu ba su ji ba. Aka shafa fatiha. Har ya fara jin ya tsira, sai ga baffan ango, wani ƙaton mutum mai yawan fara'a, ya taso da hannuwa a buɗe yana cewa yau an zama ɗaya. Ya rungume shi, ya ɗaɗa masa tafi biyu a baya. Ihun da Alhaji ya yi ya katse maroƙi a tsakiyar kirari, baffan ango kuma ya koma gefe yana yarfe hannu. Garba ya ga ɓoyo ya ƙare, ya ɗaga rigar.

Dariya ta ɓarke tun daga sahun baya, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Wani siririn tsoho ya ratso mutane da zabirarsa a kafaɗa, wato jakar kayan wanzanci. Sodangi ne. Ya zagaya Alhaji sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙaho ɗaya da farce.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Mahmuda ya miƙe ya gyara hula. "Ni ne, Baba. Na zamani ne."

"Gidan wa ka gada?"

"Ba gado ba ne. A waya na koya."

"To kira wayar ta zo ta cire."

Mahmuda ya ce ai cirewa ba wani abu ba ne, kafawar ce ilimi, kuma Baba ya duba da kyau, tun daga Dutsin-Ma har nan, ga ramuka ga gargada, ko ɗaya bai motsa ba. Sodangi ya zaro aska daga zabira. Aka kwantar da Alhaji a tabarma gindin bishiya, tsohon ya sa tsinin aska ya huda facin da ke kan kowane ƙaho. Iska ta shiga da fito, ɗaya bayan ɗaya. Ya ja baya yana jira su zube, suka tsaya suna kallonsa.

"Shekara arba'in ina wagga sana'a," in ji tsohon. "Ƙaho iska ke riƙe shi, in ka mayar mishi da iskarshi sai ya saki mutum. Wanga mi ke riƙe da shi?"

"Sholisho," in ji Garba.

Sodangi ya dubi Mahmuda ya daɗe, ya ce a aika cikin gida wurin masu girki a kawo man gyaɗa mai ɗumi. Ya miƙa wa Mahmuda kwanon man ya ce tunda likita ne ya riƙe. Haka tsohon ya yi ta ɗiga mai yana aske gashi da robar a hankali, kusan sa'a guda, 'yan ɗaurin aure suka bar shinkafa tana hucewa suka yi da'ira. Duk ƙahon da ya fita sai a yi kabbara, ya bar jan zobe a kumbure kamar an ɗora murfin tukunya mai zafi. Na ƙarshe ya taho da 'yar fata, wani ɗigon jini kamar ƙwayar gero ya tsattsafo. Mahmuda ya kai ido a kai, ya ga bishiyar tana juyawa. Ya zube, kwanon ya kife masa a ƙirji.

Talha ne ya yayyafa masa ruwa. Da ya buɗe ido ya ga ƙafafun mutane kewaye da shi, ya ce santsin mai ne ya ja shi. Sannan ya ɗaga kai ya tambayi Alhaji, tsakani da Allah, yaya ƙugun yanzu. Alhaji, wanda ba ya ƙarya ko yana fushi, ya ce tun safe bai tuna da shi ba, abin da ke sama ya ishe shi.

"Kun ji da kunnenku," in ji Mahmuda daga kwance. "Zama ɗaya."

Alhaji ya dafa ƙasa zai tashi ya nuna masa, ƙugu ya ce yana nan. Ya koma ya kwanta a hankali. Ya tambayi Sodangi ko maganar Talata tana nan. Tsohon ya girgiza kai ya ce ba ya sa aska a kan fatar da ta ga wannan wahala, sai ta warke, sai sha bakwai ga watan gobe. Alhaji ya lissafa kwanakin da zai yi yana tafiya a sunkuye, ya rufe ido ya buɗe.

"Ba sai Litinin ba," in ji shi. "Talha, rumfa taka ce."

"Na gode, Alhaji," in ji Talha.

Mahmuda ya tashi ya haye mota. Tun daga Kurfi har Dutsin-Ma yana bayan mota, riga sharkaf da man gyaɗa, ba wanda ya ji muryarsa. Garba ya ce shirun ya fi ba shi tsoro a kan ihun Alhaji.

Litinin da hantsi Mahmuda yana zaune jikin katangarsa, rana ta fara aikinta, sai ya ji ana buga ƙusa a bakin ƙofa, direbobi suna shewa. Nan take ya tuna. Ranar Asabar, a hanyar dawowa daga mayanka, ya biya wurin mai rubutun allo ya ba da aiki, ya ce a kawo Litinin da safe a kafa a sabuwar rumfa, ba sai an tambayi kowa ba. Mutumin kuwa mai cika alkawari ne. Allon yana can bisa kan Talha, ja da shuɗi, da hoton taya a gefe ɗaya da hoton ƙaho a ɗaya gefen: DAKTA MAHMUDA, FACI DA ƘAHON ZAMANI, BA JIRAN TALATA.

Mahmuda ya ɗauki liba ya ratsa tsakiyar tasha, kowa ya bar abin da yake yi. Alhaji yana bakin ofis a sunkuye da sanda, ya karanta allon har ƙarshe. Talha ya miƙe ya riƙe benci, Mahmuda ya hau. Ya ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora allon a ka, ya koma ta gaban kaskon Dada, ita kuwa yau ko tsokanarsa ba ta yi ba, kuma wannan ya fi masa ciwo.

A bayan tasha ya daɗe yana juya allon, ya rasa inda zai kai shi. Daga baya ya ɗora gefe ɗaya a kan katanga, ya tokare ɗayan da sanduna biyu, rubutun yana kallon ƙasa. Ya ja akwatin aikinsa ƙarƙashi ya zauna. Inuwar ta ishi kansa da kafaɗunsa, ƙafafun ne dai suka rage a rana.